Filak ɗin da Goggo Ta Wanke

Ƙarfe tara da kwata na safe ne, ranar Asabar, a tsakar gidan mahaifinmu a Garwa. Mu huɗu ne a wurin: ni, da yayana, da tsohon makaniken da ke duba masa mota, sai Goggo, ƙanwar babanmu. Ita ce ta zo daga baya. Ta fito daga bayan madafa da wani abu a naɗe cikin gefen zanenta, tana murmushi irin na wadda ta yi aikin da ba a sa ta ba, tana jiran a yaba.

Kafin in faɗi abin da ke cikin zanen, zan fara da mota, sannan ɗaki, don a san inda aka dosa.

Motar ta babanmu ce, irin wadda mutanen nan ke kira katsankat, launin madara, mai giya a jikin sitiyari. Da ita ya yi fataucin atamfa tsakanin Garwa da Mayo-Ulo tun ba a haife ni ba. Da ya rasu aka yi rabon gado, gida da mota suka faɗa wa Yaya, ni na samu gona a hanyar Pitowa. Motar ta daɗe ƙarƙashin darbejiya, a rufe da tampol, kaji na ƙwai a gindinta. Sai zamani ya juya, tsofaffin motoci suka yi farin jini. Yaya ya tashe ta, ya sake mata fenti da kujeru. In ya fito da ita ranar Juma'a, samari kan tsayar da babura su ɗauke ta hoto da waya. Bai taɓa samun irin wannan kallo a shagonsa na siminti da kwano ba, kuma ya ji daɗinsa fiye da kima.

Ɗakin kuwa na Goggo ne. Shi ne na farko in ka shigo, bangonsa ɗaya yana kallon titi. Mijinta ya rasu a Bibemi, ba ta taɓa haihuwa ba, babanmu ya je ya ɗauko ta. A gabanmu duka ya ce nan za ta zauna sai ranar da aka fitar da ita a makara. Da baki ya faɗa, don a lokacin bai ga dalilin da zai sa a nemi fiye da haka ba. Bayan an gyara motar, na taɓa zuwa gidan na tarar da Yaya yana auna ɗakin da igiyar awo ta magina, Goggo na zaune a kan tabarma ta ɗaga ƙafafu don igiyar ta wuce. Na tambaye shi me yake aunawa. Ya ce rana na cin fentin mota. Bai ƙara komai ba, ni ma ban buƙaci ƙari ba.

Aikin Goggo a gidan wanke-wanke ne. Ba wanda ya ɗora mata. Ita ce ta ga bai dace ta ci tuwon gida hannu sake ba. Tana da kwanon yashin Binuwai da ta tankaɗe, da kwanon toka, da soson ƙarfe. Tukunyar da ta bi ta hannunta, kana iya duba fuskarka a gindinta. Baƙi a jikin ƙarfe shi ne abin da ba ta iya gani ta wuce.

Yanzu sai filak. Ba lambar gaba ko ta baya nake nufi ba, wadda kowa ke gani a titi. Wani ɗan falle ne na alminiyo, bai kai tafin hannu ba, a cikin kapo, wato ƙarƙashin murfin inji, a jikin bangon da ke saman tayar gaba. Masu ƙera motar suka manna shi da gajerun ƙusoshi biyu da ake kira ribe. A jikinsa akwai baƙin fenti da fararen rubutu, sannan lambobin da aka buga cikin ƙarfen, waɗanda dole su dace da na kat giris, takardar mallakar mota. Ribe ɗaya ya daɗe da karyewa, filak ɗin na reto yana ƙara in inji ya tashi. Yaya zai kai motar bizit, wato dubawar da hukuma ke yi kafin a bar mota ta hau titi. Saboda haka ranar Juma'a da yamma makanike ya cire filak ɗin gaba ɗaya, da niyyar washegari ya zo da sababbin ribe ya mayar. Ya ajiye shi a kan dakalin da ake tara kwanukan wanki. Baƙi ƙirin yake da man inji na shekara da shekaru.

Abin da ke cikin zanen Goggo ke nan.

Ta buɗe, ta miƙa wa Yaya da hannu biyu. Filak ɗin na walƙiya kamar sabon murfin tukunya. Baƙin fentin ya tafi, fararen rubutun sun tafi. Lambobin da aka buga suna nan, amma biyu na ƙarshe sun yi sanyi, sai an karkata shi ga rana ake ganinsu. Ko'ina zanen yashi ne a zagaye, yadda hannunta ke bin gindin tukunya.

"Babana, ga abinka," in ji ta. Haka take kiransa, don sunan mahaifinta aka sa masa. "Ya ba ni wuya ƙwarai. Sai da na jiƙa shi da lemun tsami."

Makanike ya dafe kai ya ce da ita, "Kayya, Dada! Kayya!"

Yaya bai yi ihu ba. Da ya yi ihu da ya fi sauƙi. Ya karɓa, ya juya shi, ya duba baya, ya sake duba gaba. Sannan ya miƙa mata kusa da fuska.

"Karanta min, Goggo."

"Ka san ban yi lakol ba, ban iya karatu ba."

"To ai kin gyara rubutu. Wanda ya gyara rubutu ya iya karatu. Karanta."

Ta dube ni. Murmushin bai gama barin fuskarta ba, don har lokacin ba ta fahimci laifin ba. Ni na yi mata bayani, da Hausa mai sauƙi, yadda na ji makanike na gunaguni. Ana sato motoci daga tsallaken iyaka, ana kankare filak a buga wasu lambobi. Duk jandarman da ya buɗe kapo ya ga filak a goge haka, abin da zai fara zuwa ransa ke nan. Suna iya riƙe motar a furiyar, filin da ake tara motocin da aka kama, inda rana da ɓarayin kayan gyara ke gamawa da su.

"Mota ta gidanmu?" in ji ta. "Wa bai san motar yayana ba a garin nan?"

"Waɗanda suka san shi sun bi shi," in ji Yaya. "Saura ke."

Makanike ya yi ƙoƙarin sassauta magana. Ya ce da Yaya, "Patoron, lambobin na nan fa. In aka shafa ɗan baƙin mai ya zauna a ramin, za su fito. Kuma ga ƙugiyar ribe na zo da ita, yanzu-yanzu in matse shi."

Yaya ya ce ba ya son ribe na ƙugiya, masu rami a tsakiya, don kowa ya gani ya san sababbi ne. Irin na da yake so, waɗanda ake dake kansu da guduma. Makanike ya ce akwai su a jakarsa, amma aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya durƙusa gefen taya, ya zura hannu ta ƙasa, ya tokare bayan ribe da ƙarfe mai nauyi, ɗayan ya buga ta sama. Ya ce shi zai tokare, patoron ya buga.

"A'a," in ji Yaya. "Wadda ta fara aikin ita za ta gama. Goggo, zo."

Na ce masa matar nan ta haura saba'in, gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa ko a salla sai a zaune. Na ce ni zan riƙe. Ya ce ni baƙuwa ce a gidan nan, ina da gidan mijina, in na matsu da ba da umarni in koma can. Sannan ya juya ga Goggo, ya faɗi maganar da ta sa ta durƙusa. Na riƙe ta daidai yadda ya faɗe ta.

"In motar nan ta faɗi a bizit, ke da tukwanenki ku nemi wuri. In ta wuce, za mu gani."

Goggo ta kama hannuna ta ture shi a hankali. "Bar ni, 'yata. Ni na ɓata."

Ga yadda aka yi aikin. Da farko makanike ya murɗa sitiyari har ƙarshe don taya ta ba da hanya. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa. Goggo ta dafa jikin motar ta sauka kan gwiwa ɗaya, ta huta, ta sauke ɗayar. Ya ba ta kan wata tsohuwar guduma marar ƙota, ya kama hannunta ya kai shi inda za ta tokare, don ba ta ganin wurin, da taɓi kawai ake sani. Sai ta kwantar da kumatunta a jikin taya. Bayan haka ya daidaita filak a kan ramukansa na asali, ya zura ribe na farko, ya ja da baya. Yaya ya ɗauki guduma.

Ribe na alminiyo ba ya son ƙarfi. Ɗan bugu kaɗan-kaɗan ake yi har kansa ya baje. Makanike ya faɗa masa haka. Yaya ya yi na farko a hankali, na biyu ma haka. Ƙarfen na motsi a hannun Goggo, ribe na noƙewa maimakon ya baje.

"Kina riƙewa ko kina gyangyaɗi?"

"Ina riƙe, Babana."

"Yashi kika iya riƙewa. Tokare!"

Ya ɗaga hannu ya buga da ƙarfin da ake buga ƙusar rufi. Ƙarfen ya zame, ya matse babban yatsanta da gefen bangon. Ba ta yi kuka ba. Wani sauti ta yi ta hanci, gajere. Ƙarfen ya faɗo kan kwali. Da ta zaro hannun, farcen ya tsage biyu, jini na bin tsintsiyar hannunta yana shiga hannun riga.

Na yi aiki a ƙaramin asibitin unguwa shekaru da yawa, ina wanke rauni ina naɗewa, na san abin da ido ya gani. Na ce a tsaya. Makanike ma ya ce, "Patoron, ya isa haka, don Allah." Yaya ya leƙa ya duba ribe, ya shafa shi da yatsa.

"Wannan ya zauna," in ji shi. "Saura ɗaya."

Goggo ta ɗauki ƙarfen da hannun hagu. Ban ba ta ba, makanike bai ba ta ba, ita ta lalubo shi. Ta tallafe gwiwar hannun da hannun da ke jini, ta sake kwantar da kumatu a jikin taya. Na biyun bai ba da wahala ba, domin Yaya ya yi shi yadda aka koya masa tun farko, kaɗan-kaɗan. Ashe ya iya.

Da aka gama, ya sa makanike ya shafe filak ɗin da baƙin man inji, ya watsa masa ƙura, don ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Goggo na zaune a ƙasa ina wanke mata yatsa da ruwan gishiri, tana kallon ana mayar da baƙin da ta cire. Ta ce da ni a hankali, "Da na san haka suke so, ai da na bar musu."

Ranar bizit na zo gidan tun da safe, na ce zan bi su. Yaya ya ce me mace za ta yi a wurin duba mota. Na ce maganar da aka yi a gabana, ina so in ga ƙarshenta da idona. Na buɗe ƙofar baya na zauna. Bai iya fitar da ni a gaban maƙwabta ba.

Mai dubawar wani matashi ne sanye da rigar aiki mai ruwan toka. Ya gwada birki, ya gwada fitilu, ya sa aka hau da motar kan rami ya duba ƙasanta. Ya zagaya ta yana murmushi, ya ce kakansa ya taɓa yin irinta a Maga. Sannan ya ce a buɗe kapo. Yaya ya fara magana da Faransanci da sauri-sauri, yana bayanin da ba a tambaye shi ba. Matashin bai saurare shi ba. Ya ɗauki tsumma ya goge wani wuri can gefe, a jikin ƙarfen motar kanta, inda aka buga lambobin tun a masana'anta. Ya duba su, ya duba kat giris. Ya kai tsumman kan filak ya share man da aka shafa, hasken aikin Goggo ya fito. Ya karkata kai ya bi lambobin.

"Wa ya wanke wannan haka?" in ji shi da Hausarsa ta kasuwa. "A aiko min shi gida, madam tana fama da tukwane."

Ya rufe kapo, ya buga hatimi. Iyakar abin da aka ce game da filak ke nan.

Muka kamo hanyar gida. Mun tarar da Goggo a ƙofar ɗakinta, a tsaye, yatsan a naɗe, ta ɗaga shi sama yadda na ce ta riƙa yi don zugi. Da alama tun fitarmu take wurin.

"Ta ci?" in ji ta.

Yaya ya wuce ta yana neman makullin ɗakinsa a aljihu. Ni na amsa.

"Ta ci, Goggo. Har an yaba wankinki."

Ta ce alhamdu lillahi, ta maimaita, ta fara neman dakali da hannu don ta zauna. Yaya ya tsaya, ya juyo.

"Ban ce in ta wuce za ki zauna ba," in ji shi. "Cewa na yi za mu gani. To, na gani. Yau filak ne, gobe ban san me za ki sa wa yashi ba. Magina za su zo bayan Juma'a."

Abin da ya biyo baya zan faɗe shi a taƙaice, bi da bi. Na je wurin jauron unguwa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin ba daɗi, amma gida yana da mai shi. Na je wurin wani abokin babanmu da ya rage, na tarar ba ya gane mutane. Na yi magana da mijina, ya ce in kawo ta, akwai ɗaki. Na koma na faɗa wa Goggo, ta dube ni kamar na zage ta.

"Gidan suruki? In tashi da safe in haɗu da mijinki a hanyar bayi? In ci tuwonsa yana kallo? Ke ma kin san ba a yi."

Na ce ana yi yanzu. Ta ce waɗanda ake yi da su ba ita ba ce. Na sake komawa, na sake komawa, amsar ba ta canza ba. Ta aika wa wani ɗan ƙanin mijinta a Bibemi, ya ce ta zo, akwai rumfar da yake ajiye gyaɗa.

Yaya bai kai ta a motar ba. Ya ce hanyar Bibemi ba ta katsankat ba ce yanzu, duwatsu za su fasa mata ƙasa. A motar kasuwa ta tafi, a baya, tsakanin buhunan gishiri, da akwatinta da tabarmarta. Tukwanen ta bar su, ta ce na gidan ne. Ta leƙa ta yi wa Yaya sallama, ta ce, "Babana, a yafe ni." Ya ce Allah ya kiyaye hanya, yana duba waya.

An rushe bangon da ke kallon titi, an sa ƙofar ƙarfe mai faɗi, an zuba siminti a ƙasa. Awon da ya yi daidai ne, motar ta shiga har da sauran wurin buɗe ƙofa.

Ina zuwa Bibemi duk lokacin da na samu hali. Rumfar ta kara ce, an yaɓe ta da laka daga baya, in damina ta yi ƙarfi ana matsar da tabarma daga wannan gefe zuwa wancan. Matar gidan ba muguwa ba ce, amma tana da nata 'ya'yan da nata tsofaffin. Farcen Goggo ya fita, wani ya tsiro a karkace, yatsan ba ya lanƙwasuwa. Ba ta taɓa zagin Yaya a gabana ba, kuma ba ta yarda in zage shi. Zuwana na farko, bayan gaisuwa, abin da ta fara tambaya shi ne ko abin nan ya zauna, bai sake saki ba. Na ce ya zauna. Ta ce, "To madalla. Na ji tsoron hannun hagu bai tokare da kyau ba."

A bara Yaya ya fara ba da motar ana ɗaukar amare da ita. Ana ɗaura mata furannin roba da fararen ƙyalle, ana jerin gwano a bayanta ana busa ham daga gadar Binuwai har cikin gari. Na ji ana cewa tana da albarka, motar dattijon kirki ce da ɗansa ya riƙe amana. Ni da shi muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, iyakarmu ke nan.

Irinta mai wannan launi da ke tafiya da ƙafarta a Garwa ba ta da ta biyu, ba za ku ɓata ba. Roƙona gare ku ɗaya ne. In bikin 'yarku ko na ƙanwarku ya taso, aka kawo shawarar a ɗauko wannan motar, ku ce a'a. Ku sa ta a kowace irin mota, ko a bayan babur ne, amma kada ku sa ta a wannan.